Matar da Ta Sauko da Irin Fuzi Daga Yanwo

Pu Lanying matar yayana ce. Fiye da shekara hamsin ke nan katanga ɗaya ce tsakanina da ita, mu yi faɗa da safe mu ci abinci tare da rana, don haka abin da zan faɗa a kanta ba a bakin wani na ji ba.

A shekarar 1971 aka kawo ta gidanmu a Liuhe, bakin kogin Fu, tana da shekara ashirin da ɗaya, ni ina da goma sha biyar. 'Yar Yanwo ce, can ƙololuwar duwatsun Qingchuan, inda ƙauyenmu ke samo irin fuzi, saiwar maganin da muke nomawa, tun zamanin kakanni. Tare ma da iri ta zo. Wanta Changgen ya sauko da alfadarai uku, biyu ɗauke da buhunan iri, na ukun ɗauke da amarya da akwatinta. Maƙwabcinmu Gou, wanda tun yana saurayi bakinsa ba ya hutawa, ya leƙo ta kan katanga ya ce wa yayana, "Dagui, ita ma sai an ɗora ta a sikeli, ko gyara aka yi muku?"

Ba a son amarya ta yi magana ranar da ta shigo. Lanying ta juyo daga kan alfadari, ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "In ni gyara ce, kai ko kakkaɓar buhu ba za a ba ka ba."

Innarmu ta toshe baki da hannu. Ni kuwa na yi dariya har na zauna a ƙasa.

Mu mutanen wannan gunduma ta Jiangyou da fuzi muka tashi, amma ba wanda ya saba da shi har ya raina shi. Uwar saiwar baƙa ce kamar kan hankaka, 'ya'yan kuma a jikinta suke fitowa, maƙale kamar goyo, kuma su muke noma dominsu. Ɗanyensa, ɗan guntu ya isa ya tsayar da zuciyar ƙato. Gyararrensa kuwa, da shi likitocinmu na gargajiya suke maido da ɗumi a jikin wanda sanyi ya cinye, da wanda gaɓoɓinsa suka riƙe, da wanda bugun jininsa ya yi ƙasa har yatsa ba ya jin sa. Irinsa ba ya zama a kwarinmu, zafi ke lalata shi. Dole kowace shekara dutse ya haifa, mu mu yi reno. Muna binne shi a tsakiyar sanyi, lokacin da rana ta fi gajarta, mu tone shi a tsakiyar zafi, lokacin da ta fi tsawo.

Babanmu shi ne gwanin gyaran saiwa a ƙungiyar noman ƙauyenmu. Sau biyu a bazara ake yin sa. Mutum zai tsuguna gaban kowane tushe, ya yaye ƙasa da 'yar wuƙar gora ba tare da ya girgiza uwar ba, ya ɓalle ƙananan 'ya'ya ya bar biyu masu ƙwari, ya mayar da ƙasa. In ka yi gaggawa ka ji wa uwa rauni ta ruɓe. In ka ji tausayi ka bar 'ya'ya da yawa, duk su fito kamar tsakuwa. Maza ne kaɗai ke yi. Mata namu cire ciyawa ne da ɓare bawo.

Lanying ta roƙi Baba ya koya mata. Ya ce, "Mutanen dutse ai binnewa kawai kuka iya, ku tafi ku yi barci ku dawo ku tona. Je ki ɗora ruwa."

Ta je ta ɗora ruwa. Amma shekara biyu duk inda Baba ya tsuguna, can za ka gan ta tana cire ciyawar da babu. A bazara ta uku bayansa ya riƙe, aka kwantar da shi, kunyoyinsa goma sha ɗaya suna jira. Maza suna cin abincin rana a gindin bishiya, ta feƙe sandar gora ta shiga. Da labari ya kai wa Baba, sai da aka tallafo shi zuwa gonar, yana zagi tun daga gida. Ya sa aka buɗe masa tushe ɗaya, ya duba. Ya sa aka buɗe na biyu a tsakiyar kunya, da na uku a can ƙarshe inda mai aiki kan gaji. Sai ya juya ya koma gida. Washegari da muka zauna karyawa, sai ga wuƙarsa ta gora ajiye kusa da kwanon shinkafarta.

A wannan shekarar ne kuma ta ɗauke ni a baya. Lokacin girbi ne, kuma girbin fuzi ba ya jira. Abin da aka tona da safe dole ya shiga ruwan ɗaci da ake kawowa daga rijiyoyin gishiri kafin ya kwana, in ba haka ba ya ruɓe. Ina cikin masu wanki da tsince saiwoyi, yunwa ta kama ni, na ɗauki ɗanyen dankali na ɓare da farce na ci ban wanke hannu ba, wataƙila ma da ɗan guntun fuzi a maƙale. Ba a jima ba leɓena ya sage, harshena ya yi nauyi, na ji kamar tururuwa na yawo a yatsuna. Lanying ta kalle ni sau ɗaya, ta zura mini yatsa a maƙogwaro har na amayar, ta saɓa ni a baya ta kama gudu a kan kunyoyin shinkafa zuwa ƙaramin asibitin gunduma.

"Shufen, ki zage ni," ta ce tana haki.

"Me kika yi mini?"

"Na ce ki zage ni! Kada ki kuskura ki yi mini shiru."

Na ce mata 'yar dutse. Na ce mata mai ƙafar alfadari. Ta ce wannan duk na Gou ne, in nemo nawa. Haka muka isa, ina zagi da karyayyen harshe tana ba ni amsa. Kwana biyu na yi ana yi mini ƙarin ruwa. Likitan ya ce da an ƙara rabin awa, da wani zance ake yi.

Bayan an raba wa kowane gida gonarsa, fuzin Lanying ya fita daban. Ba ta taɓa shuka shi shekara biyu a jere a wuri ɗaya ba, sai ta sa shinkafa a tsakani, ruwa ya kwanta ya kashe cutar ƙasa. In an jiƙa an dafa an ɓare, an yanka falle-falle an wanke an turara an shanya, za ka ɗaga falle ɗaya na nata ka hango hasken rana ta cikinsa. Likita Yong, mai ɗakin magani a cikin gari, kowace shekara da kansa yake zuwa a kan keke. Sai ya karya falle, ya ɗan taɓa a harshe, ya tsaya yana kallon sama, sannan ya ce, "To, bana ma zan yi barci da kyau."

Sai shekarun wuya suka zo. Aka fara noman fuzi a wasu larduna, farashi ya faɗi, samari suka tafi masana'antun Guangdong, har da ɗanta guda. Rabin gonakin Liuhe suka koma kabeji. Ni kaina na auri ɗan ƙauyenmu, kuma mijina ya so mu bari. Lanying ta ce in mun bari ta daina ba ni tsamin kabejinta. Ba mu bari ba. Kowane ƙarshen kaka Changgen na saukowa da iri, da alfadari da farko, daga baya da mota, ya kwana biyu, ya ci hanji da barkono har gumi ya wanke shi, ya ce abincin kwari ba daɗi, ya koma.

Ranar goma sha biyu ga watan biyar na 2008, da rana tsaka, ƙasa ta girgiza. Ba zan tsaya a kan wannan ranar ba, kowa na da tasa. A Liuhe gidaje suka tsage, wasu suka zube, muka koma cikin tantuna a filin makaranta. Bayan sati shida muka tona fuzinmu ƙasa na ci gaba da motsi a ƙarƙashin gwiwoyinmu, domin shi ba ruwansa da halin da muke ciki.

Labarin Yanwo a hankali ya iso. Dutsen da ke bayan ƙauyen ya zaftare ya rufe rabin gidaje. Matar Changgen tana cikin waɗanda ya rufe. Shi yana gona, ya tsira. An kwashe waɗanda suka rage zuwa sansani a kwari, an ce ba wanda zai sake zama a can. Lanying ta je sansanin sau ɗaya ta gan shi, ya ƙi biyo ta. Da ta koma a watan tara aka ce mata ya ɓace tun da daɗewa, shi da alfadarinsa.

A watan goma 'yan kasuwa suka shigo da iri daga nesa. Suka juye shi a gaban rumfar shayi, maza suka kewaye. Lanying ta kutsa ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta tsaga da farce ta shinshina.

"Wannan dogo ne, mai ganyen soso. Kuma a kwari aka noma shi, ba a dutse ba. Namu mai ganyen kabewa ne, zagaye yake kamar ƙwai."

Gou, wanda a lokacin ya zama mai tumbi da sanƙo, ya ce, "Goggon yara, namu yana ƙarƙashin dutse. Ko za ki je ki ɗage dutsen ki ɗebo mana?"

"Zan je."

"Da wace hanyar? Tsuntsu ma sai ya yi guzuri."

"Da hanyar da na sauko, tun ba a yi ta mota ba."

Aka yi dariya. Gou ya sayi buhu huɗu. Yaya Dagui, wanda a rayuwarsa bai taɓa cin ta da gardama ba, ya ce mata kawai, "Shekararki hamsin da takwas." Ta ce ta sani, tana wurin aka ƙirga. Da yamma ta leƙo tantina ta ce, "Shufen, takalminki na roba na da kyau?" Na ce ban ce zan je ba. Ta ce ba ta tambaye ni ba, takalmi ta tambaya.

Motar masu gyaran hanya ta rage mana tafiya har inda gada ta karye. Daga nan ƙafa. Kwana biyu muna hawa da kwandunan baya, da fartanya, da dafaffen ƙwai da gurasa. Inda hanya ta zube mu bi ta cikin gora, inda rafi ya canza wuri mu tuɓe takalmi. Akwai wani gangare na tsakuwa zalla, taki ɗaya ka ji ƙasa na tafiya da kai. Na zauna a bakinsa na ce ni dai nan na tsaya. Ta wuce ita kaɗai, ta ajiye kwandonta a ƙetare, ta dawo ta ɗauki nawa, ta sake wucewa, ta sake dawowa ta miƙo mini ƙotar fartanya.

"Sau huɗu na taka shi bai tafi da ni ba, kuma na fi ki nauyi. Kama."

Na kama.

Hayaƙi muka fara gani, sannan alfadarin. A gefen tulin duwatsun da ya rufe ƙauyen, Changgen ya haɗa 'yar bukka da katakon ƙofofi da leda. Yana zaune a bakinta, ƙafafunsa a miƙe, sun kumbura kamar gangar ayaba. Leɓensa ya yi shuɗi. Ya ɗago kai ya dubi Lanying.

"Wa ya aiko ki?"

"Wa ya isa ya aiko ni? Yaya, ka ga ƙafarka kuwa?"

Ta durƙusa ta taɓa. Ta ce mini daga baya kamar ta taɓa dutsen cikin rafi. Ta danna da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Masarar da ta rage masa ba ta cika kwano biyar ba.

Ta fitar da turare da takardun ƙonawa da ta zo da su, muka je bakin tulin muka ƙona wa matarsa, muka sunkuya sau uku. Lanying ta yi kuka sosai, don matar ita ta yi mata kitson aure. Da ta gama ta fyace hanci ta juyo wurin wanta.

"Gobe za ka hau alfadari."

"Ba zan bar ta ita kaɗai ba."

"Ita tana nan, ba inda za ta. Kai ne kake shirin tafiya. In ka mutu a bukkar nan, wa zai zo ya share mata wuri ranar sharar kaburbura? Ni? Da waɗannan gwiwoyin?"

Can ya ce, ba tare da ya dube mu ba, "Gonakin sama ban san halin da suke ciki ba. Wata uku ƙafata ba ta kai ni ba."

Da gari ya waye muka hau. Ciyawa ta fi tsayinmu. Aladun daji sun bi masara da dankali sun cinye tas, ko'ina ramukansu. Na riga na cire rai. Muna shan kwanar wani ƙaton dutse sai Lanying ta tsaya cak har na yi karo da kwandonta. Gangaren gaba ɗaya shuɗi ne. Fure ne na ƙarshen kaka, tsaye cikin ciyawa, hawa bisa hawa har inda hazo ya rufe. Mu a kwari muna karya kan shukar tun tana ƙarama, don haka ni da na tsufa a cikin fuzi ban taɓa ganin furensa da yawa haka ba. Aladun sun kewaye shi, ko sunsunawa ba su yi ba.

Ba ta tsaya kallo ba. Ta sa fartanya a tushe na farko ta ɗaga. 'Ya'ya shida, zagaye, fata sumul, ba tabo. Ta riƙe su a tafin hannu tana dariya hawaye na zuba.

"Mai ganyen kabewa, Shufen. Ba wanda ya yi masa ciyawa, ba wanda ya gaishe shi, dubi abin da ya yi."

Muka cika kwanduna biyu da buhu ɗaya. Ta kai wa Changgen guda ta sa masa a hannu. Ya juya shi, ya juya shi. Sannan ya ce alfadarin ba ya son a hau shi ta dama.

Saukowa ta ci mana kwana uku. A gangaren tsakuwa muka rufe wa alfadarin ido da rigata, Lanying na gaba tana yi masa magana da harshen mutanen dutse, ni ina baya riƙe da wutsiya, Changgen a sama yana ba mu umarnin da ba wanda ya saurara.

Ba ta wuce gida ba. Kai tsaye rumfar shayi ta nufa, ta sauke kwando ta juye a kan teburin da maza ke karta, kofuna suka tarwatse. Gou ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, ya auna nauyinsa a tafi, ya tsaga ya shinshina kamar yadda ya ga ta yi.

"Saura nawa a can?"

"Abin da zai ishi Liuhe, in Liuhe na da ƙafafu."

"Hanyar fa?"

"Mata biyu da gurgu da alfadari sun bi ta. Ban sani ba ko za ta ɗauki tumbinka."

Bayan kwana uku mutum ashirin da uku muka tashi, mafi yawa masu furfura, da 'yan samarin da suka dawo daga Guangdong don gyaran gidajen iyayensu, da ɗanta a ciki. Gou na gaba, yana ƙorafi a kowane taki. Sawu uku muka yi kafin ƙanƙara ta rufe dutsen. A sawu na ƙarshe wasu suka ce a tone duka, tun da ba mai dawowa Yanwo. Lanying ta tsaya a kan hawa na sama da fartanya a kafaɗa.

"Kowane tushe uku, a bar ɗaya. Wanda ya taɓa na ukun, da ni zai yi."

Wani ya ce, "A bar wa wa? Aladu?"

"A bar wa baɗi. Ko baɗi ba za ka ci abinci ba?"

Aka bari. Ta kuma sa aka bi masu gonakin har sansani aka ba kowa haƙƙinsa. Muka adana irin a cikin yashi a inuwa, da sanyi ya kai tsakiya muka binne shi.

Changgen kuwa, washegarin saukowarmu ta farko Lanying ta ɗora shi a keke mai ƙafa uku ta kai shi wurin Likita Yong. Likitan ya riƙe masa wuyan hannu ya daɗe, ya duba harshensa, ya aika shi babban asibiti aka duba zuciyarsa aka ba shi ƙwayoyi, sannan ya rubuta nasa haɗin. Ya jawo aljihun da ke ɗauke da fallayen Lanying ya auna da kansa, ya haɗa da busasshiyar citta da wasu saiwoyi.

Changgen ya leƙa takardar ya ja baya. "Shekara hamsin ina binne abin nan ina wanke hannu sau uku. Yanzu ku ɗura mini shi a ciki?"

Likita Yong ya ce, "Kai ɗanyen ka sani. Ƙanwarka ce ta san yadda ake koya masa ladabi." Ya juya wurin Lanying. "Shi kaɗai za ki fara dafawa, ya daɗe yana tafasa kafin sauran su shiga. In ruwa ya ragu, tafasasshe za ki ƙara, ban da mai sanyi. Ki ɗanɗana kafin ki ba shi, in kin ji harshenki ya sage ko kaɗan, a mayar kan wuta. Kuma kada ki ƙara ko falle ɗaya a kan abin da na auna."

Ta ce, "Likita, ni za ka koya wa tsoronsa?"

Ya ce, "Waɗanda suka fi saninsa su na fi jin tsoro."

Kullum da hantsi tana gaban tukunyar ƙasa a bakin tanti tana fifita. Sati biyu ba mu ga wani canji ba. A na uku kumburin ya fara sauka. Wata safiya muka ji shi yana faɗa a cikin tanti, wai wa ya lulluɓe shi da bargo biyu, so ake a gasa shi. Lanying ta shiga ta kama ƙafarsa, ta fito ta kira ni ta ce in zo in taɓa. Da ɗumi. Kafin bikin sabuwar shekara yana zuwa rumfar shayi da sanda. Da bazara ta shigo ya yar da sandar, ya tsuguna kusa da ita a kunya wai zai taya ta gyaran saiwa. Tushe biyu ya yi ta kore shi.

Girbin 2009 ban taɓa ganin irinsa ba. Ko don irin ya yi shekara yana kokawa da ciyawa ne, ko don kowa ya yi masa hidima kamar jariri, ban sani ba. Ana ɗaga fartanya sai ka ji ihu daga wannan gona, a amsa daga waccan. Wasu 'ya'yan sun kai girman ƙwan agwagwa. Gou ya shuka rabi irin 'yan kasuwa, rabi na Yanwo. Rabin farko farar fumfuna ta ci kashi ɗaya cikin uku, sauran ƙanana. Ya ɗauko ɗaya daga kowane ɓangare ya zo har gonarta, gaban mutane, ya ɗaga hannu biyu.

"Jama'a ku shaida. Wannan wayona ne," ya ɗaga ƙaramin. "Wannan kuma taurin kanta." Ya sunkuya mata har sanƙonsa ya kusa taɓa kunya.

Ta ce, "Tashi kar ka faɗi, ba mai iya ɗaga ka. Ka kai naka cikin ruwan ɗaci, rana na yi."

Da aka gama shanya, ƙauye ya yanka raguna biyu a filin makaranta, aka zaunar da ita a kujerar sama, wadda tun da aka kafa Liuhe mace ba ta taɓa zama a kai ba. Ta ci kwano uku.

A ƙarshen kakar nan Changgen ya koma Yanwo da ƙafarsa, gida shida suka bi shi. Suka gina sababbin ɗakuna nesa da gangaren da ya zube. Abin da muka bari a ƙasa ya ninka, daga shi suka sake tayar da iri. Shekara goma sha ɗaya ya ƙara yi a duniya, kuma kowace shekara shi ya share wa matarsa wuri. Ɗan Lanying bai koma Guangdong ba. Shi da samari takwas suka zauna, ta koya musu gyaran saiwa, da 'yan mata biyar da suka ce su ma sai an koya musu.

Yanzu shekararta saba'in da biyar. Gwiwoyinta sun daina tsugunno, sai ɗanta ya yi mata 'yar kujera mai gajerun ƙafafu, tana jan ta daga tushe zuwa tushe. Shekara uku da suka wuce aka kira ta gari aka ba ta allon yabo na ƙarfe mai ruwan zinariya, aka ɗauki hotonta tana murtuke fuska. Kwanan baya wasu ɗaliban aikin gona suka zo daga birnin Chengdu suna son ganin allon. Ta kai su bayan ɗaki. Yana kan bakin tulun tsamin kabeji, da dutse a kansa.

Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Kaka, wannan ai a bango ake rataya shi!"

Lanying ta ce, "Bangon ba ya tsami. Wannan kuwa tun da na samu murfin nan ƙuda ko ɗaya bai shiga ba. Ku zo ku ɗanɗana, sannan ku tuɓe waɗannan fararen takalman, akwai kunya bakwai da ba a gama ba."

Suka ɗanɗana, suka tuɓe takalma. Sai da la'asar ta sallame su.